Jan Ɗigo a Ƙarƙashin Tambari

A masana'antar Inna Birki ake ce mata, ita da ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba. Maigidanta, wanda ya shekara talatin yana jan babbar mota kafin ya ajiye, har gobe bai daina mita a kan wannan suna ba. "Ni na taka birki har takalmina ya huje," in ji shi, "amma ke aka naɗa wa sarautar." Sai ta harare shi ta ci gaba da abin da take yi.

Sunan kuwa bai faɗi ƙasa banza ba. Masana'antar tana ƙera wani ɗan inji da ake kira sarbo, baƙi, girmansa bai wuce kwalin ashana ba, da wayoyi uku a gindinsa da ɗan kai mai juyawa a sama. Shi ake sa wa a ƙafafun mutum-mutumin da ɗalibai ke haɗawa, da injin ɗaure kaya, da bel mai jan kwalabe. Irin nasu ba ya tsayawa a rabin zagaye. In an ce masa juya, zai yi ta juyawa, gaba ko baya, har sai an ce masa tsaya. To, juyawa kowane inji ya iya, tsayawar ce aiki. A gefen kowane sarbo akwai wani ɗan noti da bai kai ƙwayar shinkafa ba. In an murɗa shi daidai, injin zai tsaya cak da zarar an ba shi umarni. In ya goce ko da kaurin gashi ne, sai injin ya riƙa rarrafe a hankali, yadda ido ba zai kama ba sai an jima, musamman in ya ɗauki zafi. Murɗa wannan noti shi ne aikin Inna, shekara ashirin da tara.

Akwai akwatin gwaji a teburinta mai allura da ke nuna tsakiya, amma Inna ba ta taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Allurar takan ce an kai tun ba a kai ba. Ita da kunne take aiki. Sarbon da bai tsaya da gaske ba yana yin wani siririn kuka kamar na sauro a ɗaki, tun kafin ya fara motsi. Sai ta kara shi a kunnenta na hagu, ta riƙa lallaɓa notin da 'yar sukundirebarta mai ƙotar katako har kukan ya ɗauke ɗif. A shagon mahaifinta, mai gyaran rediyo, ta tashi da irin wannan sauraro, kuma shi ya bar mata sukundirebar. Ƙotar ta sha hannu har ta yi santsi, ta lotsa daidai wurin babban yatsa.

In ta gama, sai ta ɗiga wa notin jan farce don kada ya motsa. Asali farin fenti kamfani ke bayarwa. Wata rana da daɗewa fentin ya ƙare, ta zaro jan farce daga jakarta, aka ga ya fi kamawa, shi ke nan ya zama doka ba tare da kowa ya rubuta ba. Nata ja ne. Abokiyar teburinta, da ta zo daga baya, ta zaɓi shuɗi.

Daga teburinsu sarbon kan wuce teburin tambari. Masana'antar ba ta sa sunanta a jikin komai. Kowane mai saye yana aiko da nasa sunan da tambarinsa a sitika, a manna a gefen injin, ya kai kasuwa ya ce nasa ne. Sitikar kuwa daidai kan notin take zama, ta rufe ɗigon ruf. Haka Inna ta yi ta saita dubban injuna suna fita duniya da sunayen mutanen da ba ta taɓa gani ba, wasu ma da rubutun da ba ta san ta inda ake fara karanta shi ba. Bai taɓa damunta ba. Takan ɗauki sitika ɗaya daga kowane sabon mai saye ta manna a cikin murfin kabad ɗinta, har murfin ya cika ta koma liƙawa a kan na da. Da yake sunayen na da wuyar faɗi, ma'aikata da hoton tambari suke kiran masu saye: Mai Tauraro, Mai Kan Doki, Mai Cokali.

Da wannan tebur ta yi rainon 'ya'ya huɗu, ta aurar, ta ga jikoki. Ba mace ce mai yawan magana ba, ba ta da ƙawaye barkatai, ba ta iya zaman hira mai tsawo. Abu ɗaya take tinƙaho da shi, shi ma ba da baki ba: a shekara ashirin da tara ba a taɓa dawo da inji ko ɗaya mai jan ɗigo ba. Kowa a wurin ya san haka, har masu shara.

Abokiyar teburin nata Amarya ake ce mata, don sati biyu da bikinta ta fara aiki. Yanzu 'ya'yanta uku, babban ya kusa kamo ta a tsawo, amma sunan ya ƙi sakinta. Inna ce ta koya mata aikin, kuma ba da lallashi ba. Sau nawa ta ture mata tire guda ta ce, "Sake. Wannan kukan ko kurma ya ji shi." Amarya ta sha kuka a banɗaki a shekarar farko. Daga baya suka zama kamar uwa da 'ya, kwano ɗaya suke ci da rana.

Abin da Inna ba ta gaya wa kowa ba shi ne kunnen ya fara tafiya. Na hagu ne ya soma, wanda ya yi mata bauta duk tsawon shekarun nan. Ta wayi gari butar shayi na tafasa ba ta ji fitonta ba. Ta ce mura ce. Murar ta wuce, fiton bai dawo ba. Ta mayar da injin kunnen dama, ta ce wa Amarya wuyanta ne ke ciwo. Bayan wata shida na daman ma ya fara yi mata rowa. Manyan sauti tana ji, muryar namiji, ƙarar ƙofa, amma siririn kukan nan da ta gina rayuwarta a kansa ya yi nisa, ya yi nisa, har ya ɓace. Sai ga Inna Birki tana satar kallon allurar da ta shekara ashirin da tara tana rainawa. Tana kara injin a kunne kamar kullum don idon mutane, alhali shiru kawai take saurare. Ta koyi kallon leɓen mai magana, ta koyi gyaɗa kai a inda ya dace. Tsoro take ji ƙwarai, don ba ta san wace ce ita ba in aka ɗauke teburin nan. Da wata ya wuce ba a dawo da komai ba, wani ya sake wucewa, sai ta fara gaya wa kanta cewa hannunta ya riga ya haddace aikin, ba ya bukatar kunne.

Ran wata Litinin da safe Mai Cokali ya zo da kansa. Ba a saba ganin masu saye a ɗakin aiki ba, iyakarsu ofis. Wannan ya ƙi zama a ofis. Wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, rungume da kwali, mai duba aiki na biye da shi yana ta ba shi haƙuri. Mai duba aikin Agogo ake ce masa a bayan ido, don ba ya gaisawa da mutum sai ya fara duban tsintsiyar hannunsa. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa.

Mai Cokali ya dire kwalin a tsakanin Inna da Amarya, ya yi sallama, ya ce yana so ya yi magana da masu saita tsayawa. Inna ta kafa wa bakinsa ido.

Ya ce shi ƙaramin kamfani gare shi, mutum shida ne. Na'urar cin abinci suke haɗawa don mutanen da hannuwansu suka mutu. Faranti ne a kan sarbo, mutum ya danna maɓalli da haɓarsa, farantin ya juyo da abin da yake so ya tsaya, cokali ya ɗebo ya kawo masa baki. Sarbo arba'in ya saya a wannan karon, goma sha ɗaya suna rarrafe, ga su nan a kwalin ya ɗaura musu zare.

"Ɗaya daga ciki gidan wani tsohon malamin makaranta ya je," in ji shi. "Shekara huɗu 'yarsa ke ba shi abinci a baki. Ranar da aka kai masa na'urar, da ya ga ya iya, sai ya ce kowa ya fita, yana so ya ci shi kaɗai kamar kowane magidanci. Suka fita suka ja masa ƙofa. Kwana uku lafiya lau. A na huɗu farantin ya fara zamewa. Cokali ya sauka ya dawo babu komai. Ya sake, babu komai. Yana kallo abincin na wuce shi a hankali, har gefen farantin ya tunkuɗe kwanon miya mai zafi a cinyarsa."

Har masu tebur na nesa sun ajiye aiki.

"Bai kira kowa ba," in ji Mai Cokali. "Shi ya kore su, kunya ta hana shi kira. Haka ya zauna da ƙunar har 'yar ta leƙo don kanta. Ƙunar za ta warke. Amma ya ce a fitar masa da na'urar daga ɗaki, gara a ci gaba da ba shi a baki. Sunana 'yarsa ta karanta a jikin injin, ni ta kira, kuma ban san abin da zan ce mata ba. Ban zo rigima ba. So nake in san ba za a sake ba."

Inna ba ta kama kowace kalma ba, amma ta kama abin da ya isa.

Agogo bai ko dubi inda take ba. Wa zai dubi Inna Birki a kan maganar rarrafe? Amarya ya juya wa. Kowa ya tuna watan da aka yi aikin Mai Cokali: watan da autar Amarya ke kwance a asibiti, tana zuwa a makare da jajayen idanu, tana tashi kafin lokaci. Takardar gargaɗi biyu ta karɓa a watan.

"Amarya," ya ce, "me za ki ce?"

Amarya ta sunkuyar da kai. "Laifina ne, Yallaɓai."

Ko ɓare sitika ɗaya bai yi tunanin yi ba, tunda mai laifi ta amsa da bakinta. Ya ce ta same shi a ofis ran Alhamis da safe, manaja zai dawo daga tafiya. Ba wanda bai san ma'anar gargaɗi na uku ba. Kwalin kuma ya sa aka tura ƙarƙashin matakala, inda ake tara abin da za a farfasa. Inna tana zaune da sukundireba a hannu, bakinta ya yi mata nauyi, har baƙon ya fita ba ta ce uffan ba.

Ta wuni tana yi wa kanta lauya. Ai tare suka yi aikin, rabi nata rabi na Amarya. Ai yarinyar hankalinta ba ya jikinta a watan, ta yiwu shuɗi ne a ƙarƙashin sitikun. Ai ita ta amsa, ba wanda ya matsa mata. Sau uku ta bi ta gaban matakalar a ranar, da zuwa shan ruwa da zuwa wanke hannu, sau uku tana kawar da kai daga kwalin. Farce ɗaya ya isa ya ɓare sitika ta ga gaskiya. Wannan saukin ne ya fi ba ta tsoro.

Da la'asar ta tarar da maigidan a tsakar gida yana gyara ƙafar kujera. Ya matsa mata wuri a benci ta hagunsa, shi ya koma ta inda kunnenta mai ɗan sauran ji yake, kamar yadda ya ɗauki ɗabi'ar yi tun bara. Ita a zatonta inuwa yake bi. Ta zauna tana kallon hannuwansa.

"Malam, lokacin da ka bar tuƙi, wa ya ce ka bari?"

Ya ajiye guduma. "Babu wanda ya ce. Masu motar ma roƙona suka yi in ƙara shekara biyu."

"To me ya sa?"

"Wata rana akuya ta gitta mini a hanya. Idona ya gan ta, zuciyata ta ce taka, ƙafar ta tsaya shawara. Ƙiftawar ido ɗaya ce, akuyar ma ta sha. Ba wanda ya lura, har wanda ke zaune kusa da ni. Na gangara gefe na kashe mota, na ce wa kaina, yau akuya ce." Ya ɗauki gudumar ya juya ta a hannu. "Da na isa na miƙa musu makulli."

Bai tambaye ta dalilin tambayar ba. Ya dube ta kawai, irin duban wanda ya daɗe yana jiran a zo wurin, sannan ya koma kan kujerarsa. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ranta a jagule, har da ɗan jin haushinsa don ya ba ta amsar da ba ita ta zo nema ba.

Talata ta wuce. Ran Laraba da rana suka zauna cin abinci, Amarya na ta tsakurar nata. Inna ta ce, "'Yar nan, kin tabbata naki ne?"

"Inna, don Allah ki bar maganar."

"Kin duba?"

"Na ce ki bar ta. Ci abincinki." Ta tura mata kwanon ta tashi, wai za ta kira gida. A shekara goma sha biyu Amarya ba ta taɓa katse mata magana ba sai ranar. Da yamma Inna ta gan ta tana kwashe 'yan tarkacenta daga kabad tana zubawa a leda, kofi da hoton yara da tsohon silifas, a ɓoye don kada a gani. Mijin Amarya ya shekara ba ya da aikin kirki, wannan tebur ne ke riƙe da gidan. Inna ta san haka sarai, don ita ake kawo wa kukan.

Ran Alhamis ta riga kowa isowa. Ta jawo kwalin daga ƙarƙashin matakala, ta kinkimo shi da kanta duk da bayanta na ƙorafi, ta dire a teburinta. Ta jera goma sha ɗayan da Mai Cokali ya ɗaura wa zare. Ba ta taɓa su ba, ta zauna ta jira. Ma'aikata suka fara shigowa suna kallonta suna kallon juna. Amarya ta shigo da mayafinta na fita unguwa, ta hango teburin, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Can sai ga Agogo, ya duba hannunsa, ya ce Amarya ta biyo shi.

"Yallaɓai, dakata," in ji Inna. "Zo ka ga wani abu tukuna."

"Inna, manaja na jira."

"Ya jira. Ni na nuna maka yadda ake riƙe injin nan ranar da ka fara aiki, minti biyar ba za su gagare ka ba."

Ya zo. Ta ɗauki na farko, ta sa farcen babban yatsa a gefen sitikar. Gam ɗin mai kyau ne, ita ta sha yabonsa, sai da ta yi da gaske hoton cokalin ya ɗago. Ja ne a ƙasa. Ta ajiye, ta ɗauki na biyu. Ja. Ba ta tsaya ba, kuma ba ta bar kowa ya taya ta ba. Har zuwa na bakwai tana da ɗan guntun fata a ranta cewa za a ga shuɗi ko ɗaya, don a raba nauyin. Na goma sha ɗaya ma ja ne. Ta jera su a layi, ɗigon na kallon sama.

Agogo ya rasa inda zai sa idonsa. "To, ai... wataƙila notin ne ya goce a hanya. Ko jan farcen ne bai kama ba. Inna, shekara nawa..."

Ba ta bar shi ya gama yi mata sutura ba. Ta jona ɗaya a akwatin gwaji, ta danna tsaya. Allura ta zauna a tsakiya daram. Ta ɗaga injin sama a tafin hannunta.

"Yana kuka?" ta tambaya.

Ta dubi mai manna sitika, wadda ke tsaye taku uku daga teburin. "Ke, tsakaninki da Allah, yana kuka?"

Matar ta gyaɗa kai. Na kusa da ita ma ya gyaɗa. Agogo ya dubi ƙasa.

Inna ta kara shi a kunnen hagu, ta mayar dama, ta sauke. "Ni shiru nake ji," ta ce. "Ya fi shekara. Ban gaya wa kowa ba. Yarinyar nan ba ta da laifi, ka je ka gaya wa manaja."

Sai Amarya ta fashe da kuka, kuma kukan na fushi ne. Ta ƙaraso gaban teburin, ta tsaya inda Inna za ta ga bakinta.

"Inna, me ya kai ki? Na ce ki bari, na ce ki bari!"

"In bari a kore ki a kan aikina?"

"Ai ba ƙarya na yi ba da na ce laifina ne." Ta zuge jakarta, ta lalubo wata 'yar kwalba ta ajiye a teburin. Jan farce ne, ja, irin na Inna sak, ya kusa ƙarewa. "Wata takwas ke nan. Tun ranar da na ji tirenki na kuka kina miƙa shi. Ni nake kai tire teburin tambari, sai in tsaya a bayan kanta in bi naki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya goce in gyara, in mayar masa da ja. Watan da yarinya ke asibiti ne ban samu na bi ba, ina sauri. Na san in ban bi ba za a samu matsala, kuma na tafi. To laifin wa?"

Inna ta dubi kwalbar. Wata takwas tana gaya wa kanta hannunta ya haddace aiki, ashe kunnen wata ke tafe a bayanta yana share mata hanya. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Tare da kunyar kuma ta ji ƙaunar yarinyar nan ta cika mata ƙirji.

"Me ya hana ki gaya mini?" ta ce a hankali.

"Ta yaya, Inna? Da wane bakin?"

Inna ta gyaɗa kai. Ita ma ai ba ta sami bakin gaya wa kanta ba. Ta miƙa hannu ta goge wa Amarya fuska da gefen mayafinta, ta ce, "Ya isa. Kin yi mini abin da 'ya ke yi wa uwa. Amma wani bawan Allah ya ƙone a tsakaninmu, ni da ɓoyewa, ke da rufa mini. Kada ki sake yi wa kowa irin wannan alherin."

Agogo ya je ofis shi kaɗai, ya daɗe, ya dawo ba tare da ya duba agogonsa ba. Ya ce maganar gargaɗi ta mutu. Ya ce manaja ya ce Inna ta koma teburin tambari in tana so, ba a bukatar kunne a can, kuma ba wanda zai taɓa mata matsayi. Inna ta yi godiya. Ta ce za ta zauna a can kwana ɗaya, don akwai aikin da take so ta ga ƙarshensa, daga nan ta tafi gida.

Ran Juma'a aka fitar da sababbin sarbo arba'in na Mai Cokali. Amarya ta saita su ɗaya bayan ɗaya, tana karawa a kunne, tana ɗiga shuɗi. Inna na karɓa, ta hura wa ɗigon iska ya bushe, ta ɗora hoton cokali a kai ta murje da yatsa har gefe ya kwanta. Ba ta taɓa manna sitika ba a rayuwarta, amma ko ɗaya bai karkace ba.

Da Mai Cokali ya zo ɗauka da yamma, ta ce a kira mata shi. Ya zo ya rusuna ya gaishe ta, don Agogo ya riga ya ba shi labari.

"Malam, saƙo zan ba ka wurin malamin nan," ta ce. "Ka ce masa ba na'urarka ba ce, ba kuma shi ba ne. Ka ce wata tsohuwa ce kunnenta ya mutu, kunya ta hana ta faɗa. Ka ce ta ce ya yafe mata. Sannan ka roƙe shi ya sake gwadawa ko sau ɗaya ne. Waɗannan mai ji ce ta saita su."

"Zan gaya masa, Inna, kamar yadda kika faɗa."

"In ya ci da kansa, ka aiko a gaya wa Amarya. Za ta kawo mini labari."

Da aka tashi, ta buɗe kabad ta ɗauki kofinta da abin sallarta. Murfin mai cike da sunayen mutane ta bar shi yadda yake. Ta jefa kwalbar jan farcenta a jaka, ta yi sallama da na kusa, ta nufi ƙofa ta tsakanin tebura, a hankali saboda bayan.

"Inna!" Amarya ta kira daga teburinsu.

Inna ta ci gaba da tafiya.

"Inna! Inna Birki!"

Ba ta waiwaya ba. Duk ɗakin ya gani, kuma wannan karon ba wanda ya yi kamar bai gani ba. Amarya ta taso da gudu, ta kewayo ta gabanta ta tsaya daidai inda za ta ga leɓenta, tana haki. A hannunta akwai 'yar sukundirebar nan mai ƙotar katako.

"Kin manta wannan a teburina."

Inna ta dubi sukundirebar, ta kama yatsun Amarya ta naɗe su a kan ƙotar, ta gyara mata babban yatsa ya zauna a wurin da ya lotsa.

"Ban manta ba," ta ce.